Me ya sa daular Sharlaman ta tarwatse, gidan Capet kuma ya daɗe a kan karaga?

Abban Khadija
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga wata tambaya da nake so masu bin tarihin Turai a cikinmu su sa baki. Lokacin da Sharlaman, sarkin ƙabilar Farankawa, ya rasu a 814, yana riƙe da ƙasar da a yau ta ƙunshi Faransa, Beljiyam, Holan, babban ɓangare na Jamus, arewacin Italiya, har da yankin Barcelona a bakin Andalus. Shekara 29 kacal bayan haka jikokinsa uku suka yi yarjejeniya a Verdun, suka yanka daular gida uku. Shi kuwa Hugh Capet da aka naɗa sarkin Faransa a 987, inda maganarsa ke da ƙarfi da gaske bai wuce tsakanin Paris da Orleans ba, cikin hakimansa akwai waɗanda suka fi shi ƙasa da dawaki. Amma sarauta ta zauna a gidansa, ɗa na gadon uba, babu yankewa har 1316, rassan gidan kuma suka ci gaba da mulkin Faransa har cikin ƙarni na 19. Me ya sa babbar daula ta tarwatse, ƙaramin gida ya daɗe? Ni abin da na fahimta shi ne al'adar gado ce ta bambanta su. Farankawa na farko suna raba mulki tsakanin 'ya'ya maza kamar yadda ake raba gonar gado, gidan Capet kuma suka tsaya a kan cewa kambi na mutum ɗaya ne. Mai ja, ga fili.

Ɗan Damagaram
Wa alaikumus salam Malam. Mu da muka yi boko a Nijar sunan Sharlaman ba baƙo ba ne a kunnenmu, tun muna yara ake ce mana shi ne sarkin da ya damu da makaranta. Ni ina da ja. Maganar ta mutum ce kafin ta zama ta al'ada. Sharlaman namiji ne, ya kwashe fiye da shekara 30 yana yaƙar Saksawa har ya durƙusar da su, ya karya Lombardawa a 774 ya ɗauki kambinsu, Fafaroma ya naɗa shi sarkin sarakuna a Rum a shekara ta 800. Ɗansa Louis kuwa mutum ne mai sanyi, hankalinsa na kan coci, 'ya'yan cikinsa suka raina shi har suka tuɓe shi a 833. Da Allah ya ba Sharlaman magaji irinsa, da ba a yi Verdun ba.

Malama Rabi
Yayana na Damagaram, kafin a ɗora wa Louis laifi mu koma baya shekara 300. Clovis, wanda ya haɗa kan Farankawa, ya hau a 481 yana matashi, ya ci Soissons a 486, ya ƙwace yawancin kudu daga hannun Bisigotawa bayan yaƙin Vouillé a 507, ya karɓi Kiristanci a Reims, ya mai da Paris mazauninsa. Ba wanda ya taɓa cewa Clovis yana da sanyi. Da ya rasu a 511 me aka yi? 'Ya'yansa huɗu suka raba ƙasar. Ɗaya daga cikinsu, Chlothar, ya sake haɗa ta a 558 bayan 'yan uwansa sun ƙare, bayan shekara uku ya rasu, 'ya'yansa huɗu suka sake rabawa. Haka suka ɗauki sarauta tun asali.

Ku dubi kuma abin da rabon ke haifarwa a cikin gida. Da aka kashe Chlodomer, ɗan Clovis, a yaƙi a 524, ya bar yara maza uku a hannun kakarsu Clotilde. Baffanninsu biyu suna son rabon uban yaran. Sarakunan wannan gida da dogon gashi ake sanin su, wanda aka aske ya fita daga layin sarauta. Sai baffannin suka aika wa tsohuwar almakashi da takobi, ta zaɓa: a aske jikokinta ko a yanka su. Cikin ɓacin rai ta ce gara ta gan su matattu da ta gan su a aske. Aka kashe biyu, na ukun aka gudu da shi, daga baya ya aske kansa da hannunsa ya shiga hidimar coci. Bishop Gregory na Tours, wanda ya rayu a ƙarnin, shi ya rubuta labarin. Ni duk lokacin da na karanta shi sai jikina ya yi sanyi. Inda kowane ɗa sarki ne, kowane ɗan ƙane abokin gaba ne.

Auwalu
Malama, Allah ya ƙara sani. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. In rabon gado ne ke kashe gida, ya aka yi gidan Clovis ya kai daga 481 har 751, shekara 270 ke nan, duk da wannan yankan juna? Gidan Sharlaman ma in aka lissafa daga 751 zuwa 987 shekara 236 ne. Ai ba da wuri suka tafi ba.

Baffa Garba
Auwalu ɗana, ka taɓa wurin. Daɗewar gida daban, zaman ƙasa a dunƙule daban. Gidan Clovis sun daɗe ne saboda Farankawa sun yarda ba wanda zai zama sarki sai jinin wannan gida. Za su kashe juna, za su raba ƙasa, har tsohuwar sarauniya Brunhilda sun ɗaure ta a jikin doki a 613 ya ja ta har ta mutu, amma bare bai hau ba. Abin da ya zube a hankali shi ne iko. Bayan Dagobert ya rasu a 639, sarakuna da dama suna hawa suna yara, suna mutuwa da ƙuruciya. Wa ke riƙe da taska da mayaƙa? Wazirin fada. Shi ke rabon ƙasa, shi ke fita yaƙi.

Amma duba yadda kwarjinin gidan ya kai. Wani waziri mai suna Grimoald ya gwada ɗora ɗansa a karaga, ya tura yariman gaskiya Ireland, ƙarshensa kisa. Charles Martel, kakan Sharlaman, ya fi kowane sarkin zamaninsa ƙarfi, daga 737 har ya rasu a 741 babu sarki a kan karaga sam, shi kaɗai ke juya ƙasa, amma bai kira kansa sarki ba. 'Ya'yansa ma da suka ga ana ta tawaye, sai da suka nemo wani ɗan gidan Clovis, Childeric na uku, suka ɗora shi a 743 don a samu kwanciyar hankali.

Ummu Sadiq
Baffa, daga nan nake so in shiga, don ni a 751 nake ganin ciwon ya fara. Pepin ɗan Martel ya aika wa Fafaroma Zakariya tambaya: shin daidai ne mai sunan sarki ya zama ba shi da iko, mai iko kuma ba shi da suna? Amsar ta zo yadda yake so. Aka aske Childeric, aka kai shi gidan zuhudu, aka naɗa Pepin. A 754 wani Fafaroman, Stephen na biyu, ya hauro duwatsun Alps da kansa, ya shafa wa Pepin da 'ya'yansa biyu mai mai tsarki a Saint-Denis. Me ya kawo Fafaroma wannan doguwar tafiya? Lombardawa sun matsa wa Rum, yana neman mai kare shi. Pepin ya shiga Italiya sau biyu da runduna, ya ƙwato garuruwa irin su Ravenna ya danƙa wa Fafaroma. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Kuma hoton da aka bar mana na sarakunan ƙarshe na gidan Clovis, wai malalata ne da ake yawo da su a amalanken shanu ba su san komai ba, wa ya zana shi? Einhard, bafaden Sharlaman. Wanda ya ƙwaci karaga dole ya nuna na da bai cancanta ba.

Abin da nake nufi shi ne, ranar da Pepin ya nuna cewa manyan ƙasa da limaman coci za su iya cire gida su sa wani, ya buɗe ƙofar da jikokinsa za su fita ta cikinta. Abin da aka yi musu a 888 da 987 shi ne abin da shi ya yi a 751.

Ɗan Damagaram
Hajiya, ba zan kira shi ƙwace kai tsaye ba. Gidan sun yi aikin da ya ba su kambin. Wa ya tsaya a Poitiers a 732? Martel ne, ba sarki mai dogon gashi ba. Mutane suna bin wanda ya kare su.

Auwalu
Wannan 732 ɗin shi ne yaƙin da Larabawa ke kira Balaɗush Shuhada? Na sha jin ana cewa shi ya hana Musulunci mamaye Turai.

Baffa Garba
Shi ne. Gwamnan Andalus, Abdurrahman al-Gafiƙi, a nan ya yi shahada, rundunarsa ta janye cikin dare. Amma an zuzuta yaƙin fiye da girmansa. Tun 721 mai mulkin Aquitaine ya riga ya ci rundunar Andalus a Toulouse. Bayan 732 kuma Musulmi ba su bar ƙasar ba, Narbonne na hannunsu har 759 lokacin da Pepin ya karɓe ta. Abin da ya fi tsayar da su matsalar gida ce: tawayen Barbar, mutanen Arewacin Afirka, da ya ɓarke wajen 740, sannan faɗuwar Banu Umayya a 750. Wanda ya fi cin ribar Poitiers shi ne Martel kansa, don ya samu hanyar sa hannu a Aquitaine, kuma marubutan gidansa suka samu abin kirari. A nan na yarda da Ɗan Damagaram rabi: kirarin ya yi musu amfani da suka zo neman kambi.

Abban Khadija
Mu dawo kan Louis, don nan ne nake ganin hujjata ta fi ƙarfi. Ɗan'uwa na Damagaram ya ce da magajin ya yi kama da uban da ba a raba ba. To uban ne da kansa ya rubuta rabon. A 806 Sharlaman ya tsara yadda za a kasa daular tsakanin 'ya'yansa uku. Abin da ya hana shi ne mutuwa: ɗansa Pepin ya rasu a 810, ɗansa Charles a 811, Louis kaɗai ya rage. Shi kansa Sharlaman da rabi ya fara a 768, sai da ƙanensa Carloman ya rasu a 771 ya haɗa duka. Wato dunƙulewar da muke yabo, sau biyu mutuwar 'yan uwa ce ta kawo ta.

Louis da ake cewa mai sanyi, shi ne ma ya fara ƙoƙarin gyara. A 817 ya tsara cewa babban ɗansa Lothair shi ne sarkin sarakuna, ƙannensa biyu su riƙe yankuna a ƙarƙashinsa. Sai matarsa ta rasu, ya auri Judith, ta haifa masa Charles a 823. Uba kuma ba zai bar ɗan auta hannu rabbana ba, ya ce sai an yanka masa rabo. Daga nan wuta ta tashi. Bayan rasuwarsa a 840, 'yan uwan suka haɗu a Fontenoy a 841 suka yi wa juna mummunar ɓarna, sannan Verdun a 843: Charles ya ɗauki yamma, Louis ƙarami ya ɗauki gabas, Lothair ya ɗauki tsakiya da Italiya. Rabon Lothair ma a 855 aka sake kasa shi uku tsakanin 'ya'yansa.

Malama Rabi
Abin da Malam ya faɗa ya tuna min da Haruna Rashid, don zamaninsu ɗaya kuma sun yi musayar manzanni. Giwar da Haruna ya aika wa Sharlaman, mai suna Abul Abbas, ta isa Aachen a 802. A wannan shekarar ce Haruna ya je Makka ya rubuta wasiyyar gado, ɗansa Amin ya zama halifa, ɗansa Ma'amun ya riƙe Khurasan, aka rataye takardar a Ka'aba. Ya rasu a 809, aka kewaye Bagadaza, a 813 aka kashe Amin. Manyan sarakuna biyu na zamanin, kowanne ya zauna ya tsara rabo don 'ya'yansa su zauna lafiya. Na Haruna ya ƙare da yaƙi nan take, na gidan Sharlaman ya jira tsara ɗaya.

Ɗan Damagaram
Na ji maganar 806. Amma ga maganar Vikin, maharan ruwa daga arewacin Turai. A 845 suka hauro kogin Seine da jiragensu har Paris, Charles ɗan Louis ya auna musu laba 7,000 ta azurfa don su tafi. A 885 suka dawo suka kewaye birnin kusan shekara guda. Wa ya tsaya a kan ganuwa? Odo, hakimin Paris. Sarkin sarakuna Charles mai ƙiba, wanda a lokacin kusan duk daular ta sake dawowa hannunsa, ya zo da runduna, maimakon ya yi yaƙi ya sake yi musu alkawarin azurfa ya bar su suka wuce Burgundy. A 887 aka tuɓe shi, a 888 mutanen yamma suka naɗa Odo. Ga daula a dunƙule a hannun mutum ɗaya, me ta tsinana? Odo kuwa wan kakan Hugh Capet ne. Ka ga gidan Capet ma da jarumta suka fara, ba da tsarin gado ba.

Baffa Garba
Wannan hujja ce mai nauyi, kuma zan ƙara muku wata da za ta dame ka, Abban Khadija. Daina rabo ba Capet ne ya fara shi ba. A 954 da Louis na huɗu ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, Lothair ya hau shi kaɗai, ƙanensa Charles bai samu ko gari ɗaya da sunan sarauta ba. Gidan Sharlaman ne da kansu suka bar al'adar, don ƙasar da ta rage a hannun sarki ta yi ƙanƙantar da ba ta rabuwa. Sun rabar da ita ga hakimai, tsara bayan tsara, don sayen biyayya. Normandy ma a 911 aka ba Rollo shugaban Vikin.

Abin da ya ƙare su a 987 haɗari ne. Louis na biyar, saurayi ɗan shekara 20 ko kusa da haka, ya faɗo daga doki wurin farauta ya mutu, ba ɗa. Baffansa Charles, wancan da aka hana rabo, yana raye kuma jinin Sharlaman ne. Manyan ƙasa suka taru a Senlis, Adalbero babban bishop na Reims ya tsaya ya ce sarauta ba gado kaɗai ke ba da ita ba, sai da cancanta, kuma Charles ya yi wa sarkin Jamus mubaya'a, ya auri mace da ba sa'arsa ba. Aka zaɓi Hugh. Charles ya yi yaƙi, ya kama Laon, a 991 aka ci amanarsa aka miƙa shi, ya mutu a tsare.

Ummu Sadiq
Baffa ka ga abin da na ce. Bishop ya tsaya ya ce cancanta ta fi jini, kamar yadda aka ce a 751. Amma ku dubi wayon Hugh. An zaɓe shi da hujjar cewa sarauta ba gado ba ce, shekarar ba ta ƙare ba, a watan Disamba na 987, ya sa aka naɗa ɗansa Robert sarki tare da shi. Dalilin da ya bayar shi ne zai tafi taimakon hakimin Barcelona, wanda Mansur na Andalus ya ƙone masa gari a 985, don haka kada ƙasa ta zauna babu sarki in ya mutu a hanya. Tafiyar ba a yi ta ba, naɗin kuwa ya tabbata. Ya shiga ta ƙofar zaɓe, ya rufe ta a bayansa.

Abban Khadija
To ai wannan shi ne tsarin da nake magana. Baffa, na karɓi cewa 954 ta riga 987, amma wa ya mai da shi doka mai ɗorewa? Kusan kowane sarkin Capet yana naɗa babban ɗansa tun yana raye, daga Hugh har zuwa Philip na biyu da aka naɗa a 1179 ubansa na kwance. Kafin tsoho ya rufe ido an riga an shafa wa sabo mai, masu zaɓe ba su da abin zaɓa. Philip shi ne na farko da bai ga buƙatar yi wa ɗansa haka ba, don a lokacin ba mai tunanin wani gida.

An kuma gwada tsarin. A 1031 sarauniya Constance ta so ƙaramin ɗanta Robert ya hau maimakon Henry, har aka yi yaƙi. Henry ya riƙe kambin, ya ba ƙanen Burgundy a matsayin hakimi. Nan ne bambancin yake: ƙane zai samu ƙasa ya ci, amma ba zai amsa sunan sarki ba, kuma in zuriyarsa ta ƙare ƙasar na iya komawa fada. Haka aka yi da Alphonse, ƙanen Louis na tara, da ya rasu a 1271 ba ɗa, Poitou da Toulouse suka dawo hannun sarki.

Malama Rabi
Malam, tsari yana aiki ne in akwai ɗan da za a naɗa. Wannan kuwa ba dabarar kowa ba ce, kyautar Allah ce. Shekara fiye da 300 kowane sarki ya bar ɗa namiji. Dubi maƙwabtansu na Jamus, su ma sun daina rabo tun Otto na farko a 936, amma gidansa ya yanke a 1024, gidan da ya biyo baya ya yanke a 1125, kowane karo sai a koma zaɓe, masu zaɓe su ƙara ƙarfi. Ga kuma tsawon rai: Philip na farko shekara 48 a kan karaga, Louis na bakwai 43, Philip na biyu 43.

Kuma sau nawa aka kusa? Louis na bakwai ya zauna da Eleanor ta Aquitaine shekara 15, 'ya'ya mata biyu. Aka raba auren a 1152, cikin 'yan makonni ta auri Henry na Anjou, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154, ta tafi masa da kusan duk kudu maso yammacin Faransa. Mata ta biyu ma mata ta haifa. Sai a ta uku, a 1165, bayan shekara 28 yana sarauta, aka haifi Philip. Yaron nan shi ne ya ƙwace Normandy daga Ingila a 1204, ya ci Bouvines a 1214. Da bai zo ba, da yau wani labarin muke yi.

Auwalu
Ni wani abu nake tunani, ku gyara min. Ko raunin nasu ne ya tsare su? Mai Normandy ya ci Ingila a 1066 ya zama sarki can, ya fi na Paris komai. Mai Flanders da mai Aquitaine kowa sarki ne a gidansa. Wataƙila ba su ga abin wahala a kan kambin da ba ya hana su komai ba. Kafin su farga ya yi ƙarfi, an yi shekara 200 ana ganinsa a gida ɗaya.

Baffa Garba
Ba abin gyarawa, Auwalu, akwai masana da ke faɗin haka. In kana son ganin ranar da aka san gidan ya kafu, duba 1250. Louis na tara ya kai yaƙin 'yan gicciye Masar, ya kama Dimyaɗ a 1249, ya nufi Alƙahira, aka tare shi a Mansura, ƙanensa Robert ya mutu a cikin garin, cuta da yunwa suka ci rundunar, a watan Afrilu aka kama shi da kansa aka tsare a gidan Ibn Luƙman. Sarkin Faransa a hannun Musulmi, sai da aka mayar da Dimyaɗ aka biya fansa mai yawa. Bai ma koma gida ba sai 1254. Duk tsawon wannan lokaci ba hakimin da ya miƙa hannu ga karaga. Mahaifiyarsa Blanche ke riƙon ƙwarya har ta rasu a 1252.

Ɓangaren da ya yi nasara fa? Sultan Turanshah, wanda Louis ke tsare a hannunsa, mamalikai, wato bayin da ke aikin soja a fada, suka kashe shi a watan Mayu na wannan shekarar, mulkin gidan Salahuddin a Masar ya ƙare ke nan. Wanda aka kama gidansa ya tsaya, wanda ya kama shi gidansa ya faɗi cikin wata guda.

Ɗan Damagaram
Baffa wannan misali ya yi. Amma ka lura mace ce ta riƙe, kuma mace mai ƙarfin hali. Har yanzu mutum ne.

Ummu Sadiq
Tun da ka kawo maganar mace, bari mu je inda tsarin ya nuna iyakarsa. Philip na huɗu, wanda ya sa aka wulaƙanta Fafaroma Boniface a Anagni a 1303, ya kame mayaƙan Templar, wata ƙungiyar mayaƙan coci, a 1307, ya rasu a 1314 ya bar 'ya'ya maza uku manya. Wa zai ce gidan na cikin haɗari? Cikin shekara 14 duk suka ƙare. Louis na goma ya rasu a 1316, matarsa na da ciki, ta haifi namiji, ya yi kwana biyar ya koma. Akwai 'yarsa Joan, yarinya 'yar shekara huɗu. Babu wata doka a lokacin da ta ce mace ba ta hawa, ba a taɓa buƙatar tambayar ba. Baffanta Philip ya riga kowa zuwa Reims, inda ake naɗin sarakunan Faransa, aka naɗa shi, sannan a 1317 ya tara taro aka ce mace ba ta gadon sarautar Faransa. An kuma yi amfani da zargin da aka yi wa uwarta na cin amanar aure don a raunana ta. Hukuncin da ya yanke ya dawo kan nasa, don shi ma mata ya bari a 1322, ƙanensa Charles ya hau, shi ma ya rasu a 1328 ba namiji.

Auwalu
To ina dokar Salic da ake cewa ita ta hana mata?

Ummu Sadiq
Daga baya aka jawo ta. Tsohuwar dokar Farankawa ce tun zamanin Clovis, kuma sashen da ake nufi maganar gadon ƙasar noma yake yi, ba karaga ba. A 1316 da 1328 ba da ita aka kafa hujja ba. Sai da yaƙi da Ingila ya yi nisa masana fada suka tono ta. A 1328 namiji mafi kusa da sarkin da ya rasu shi ne Edward na uku na Ingila, ɗan 'yar'uwarsa Isabella. Manyan Faransa suka ce wadda ba ta gada ba, ba ta isar da gado ga ɗanta, suka ɗauki Philip na Valois, ɗan baffan mamacin. Edward ya yi masa mubaya'a a Amiens a 1329, amma da Philip ya ce ya ƙwace masa Guyenne, ƙasar da yake riƙe da ita a kudu maso yammacin Faransa, a 1337, maganar kambi ta taso, aka shiga yaƙin da bai ƙare ba sai 1453.

Abban Khadija
Duk da haka Hajiya, ko a 1328 ba wanda ya ce a raba Faransa tsakanin Edward da Philip. Da zamanin 'ya'yan Clovis ne da an kasa ta, kowa ya ɗauki nasa. An yi shekara 116 ana zubar da jini a kan wa zai ɗauki kambi ɗaya, kuma gidan Valois reshen Capet ne, Bourbon da suka karɓa a 1589 su ma daga ɗan Louis na tara suka fito.

Ummu Sadiq
Na yarda ba a raba ba, Malam. Abin da ban yarda ba shi ne a kira abin da aka yi wa Joan tsari. Baffa ne ya ture marainiya, sannan aka nemo masa hujja. Shaida ita ce Navarre, wata ƙaramar masarauta tsakanin Faransa da Sifaniya, inda aka san mace na hawa: a 1328 sai da aka mayar mata da wannan kambin, ta yi mulki har 1349. Henry na huɗu, Bourbon na farko da ya hau karagar Faransa, ta wajen uwarsa jikan jikokin Joan ne, kuma Navarre ɗin da ya gada ta hannun mata ta iso gare shi.